Jirgin Baba Yana Kwance

Na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kada ku yi musu, kunnena nauyi ya yi, ban kurumce ba. Kuna cewa Baba ya ciccire kwanon rufin teburinsa na kasuwa, teburin da ke ciyar da gida, ya kai daji ya rufa wa kwaɗi. Hajara, ke kika fi kowa iya faɗin ta, har da kwaikwayon tafiyata, kuma na ji 'yarki ma ta ɗauka. To ban ji haushi ba, don rabin maganar gaskiya ce. Ɗayan rabin ne ba ku sani ba, domin lokacin kuna ƙanana, an rarraba ku gidajen dangi, ni kuma da na dawo bakina ya ƙi buɗuwa. Yanzu da wuƙa ta fi ƙarfin hannuna, ba ni da aiki sai zama, bari in gaya muku yadda aka yi a waccan daminar.

Ni mahauci ne ɗan mahauci. Kakana shanu ya biyo daga Nijar har ya yada zango a Parakou, kuma tun daga kansa babu wanda ya san wani ruwa a gidanmu sai na rijiya da na wanke tebur. Innarku kuwa 'yar masunta ce. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba Maijirgi, daga bakin kogin Kwara ya taso, ya zo ya zauna a gefen wani tafki bayan Sérou, can wajen Djougou, wadda tsofaffinmu ke cewa Zugu. Nan ya gina rumfar jirginsa, nan aka haife ta, ta iya iyo kafin ta iya ɗaura zane. Kun san tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun kaka da kakanni, to mu a cikin ɗaki ɗaya muka yi namu. Ina ce mata 'yar ƙarni, ta ce ai ƙarnina ya fi nata, nata ruwa na wanke shi. Ita kuma tun ranar da aka kawo ta ba ta da sunan tsokanar da take kirana da shi idan muna mu biyu sai mutumin tudu. A Banikanni, cikin Parakou, ta zauna da ni, unguwar da ba ka jin komai sai bugun ƙarfe da ihun masu talla. Ba ta taɓa yi min ƙorafi ba. Amma idan hadari ya haɗo, sauran mata na gudun kwashe shanya, ita sai ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙa tafin hannunta tana tarar ruwan indararo, ta manta tukunya a wuta.

Ciwon ya fara mata ne 'yan shekaru bayan an canza wa ƙasar suna daga Dahomey zuwa Benin. A ciki yake, yana cin ta a hankali. Na kai ta asibiti, na kai ta wajen masu sassaƙe, har ranar da likita ya ja ni gefe ya yi min Faransanci mai tsawo. Abin da na tsinta a ciki shi ne in kai ta gida, in ba ta duk abin da ranta ke so. Na dawo na zauna kusa da tabarmarta, na ce ta faɗi, ko hanta ce, ko tantaƙwashi, ko atamfa.

"Malam," ta ce, "ka kai ni rumfar Baba. Ina so in shiga jirginsa, ko sau ɗaya ne."

"Wane jirgi kuma? Tsohon nan shekara nawa da rasuwa?"

"Yana nan kwance a rumfa. Ai shi ya kwantar da shi da hannunsa."

Washegari na hau bashe, motar nan mai tamfol a baya da ake cusa mutum da akuya wuri ɗaya, muka bi jar hanya zuwa Djougou, daga nan na ƙarasa da ƙafa. An yi ruwan fari, ciyawa ta fara fitowa. Da na hango rumfar sai na matsa kusa. Gini ne na ƙasa mai bango uku, bakinsa a buɗe yana kallon tafki, an haƙa mashigi ruwa ya shigo har cikinta, a gefe ɗaya kuma ga dakalin da tsohon ke kwanciya. Jinkar ta rufta, bango ɗaya ya zube, azara biyu sun karye sun rataya. Na leƙa ciki. Baƙin ruwa, ganyen bado, da kwaɗi suna ta harkarsu. Jirgi kam babu shi, ko guntun filafili babu. Na zaga baya, na shiga ciyawa, na duba gindin kowace bishiya. Wallahi na daɗe a tsaye ina tunanin yadda zan kalli matar nan in ce mata abu ɗaya tak da ta roƙe ni a duniya an sace shi.

Da na koma gida tana jirana, idonta a kan ƙofa.

"Ka ga wurin?"

"Na gani. Rumfar ta lalace, ba inda za ki kwanta. Sai na gyara tukuna."

"To ka yi sauri, mutumin tudu."

Ban yi mata ƙarya ba, amma ban ƙarasa mata gaskiya ba. Dabarata ita ce in kama gyara, ina yi ina bin ƙauyuka da cigiya, kafin rufi ya hau na gano inda jirgin ya shiga.

Sai dai fa zamanin kamarad ne, mulkin gurguzu. Kowa kamarad, daga mai gari har mai wankin kayan ciki. Ranar Asabar a fita aikin gayya, gonaki a koperatif, wato ƙungiyar noman haɗin gwiwa, kasuwa kuma tana hannun kwamiti, kuma dokarsu a fili take: wuri na wanda ke aiki da shi ne, teburin da ya kwana biyu babu mai shi za a ba wani. Ga shi kuma da damina ba a samun busasshiyar ciyawar jinka, duk wanda ya yanka da rani ya riga ya ɗora a kan ɗakinsa. Abin rufi ɗaya da na mallaka a duniya shi ne kwanon da ke kan teburina. Ina kan tsani ina zare ƙusoshi sai ga wana, Yaya Isuhu, wanda teburinsa ke jikin nawa, ya ajiye barho ya riƙe ƙugu.

"Kai Garba, hauka kake yi? Ka san idan ka cire kwanon nan, gaban kowa ka ce ka bar wurin?"

"Na sani, Yaya."

"Teburin ubanmu ne fa. Ka bar kwanon, ni in riƙa jefa nama a kai, a ce kana nan."

"To da me zan rufa mata?"

"Ka rufa mata me? Matar nan Allah ya ba ta lafiya, amma kai ma ka ji abin da likita ya ce. Za ka rasa ta, ka rasa tebur, yaran nan su ci me?"

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa cewa ya yi kuskure ba. Na dai ci gaba da zare ƙusa. Da ya ga haka sai ya yi tsaki, ya zo ya riƙe min tsanin, yana zagina yana hawaye. Aka kai ku gidajen dangi, Innarku na kai ta gidan gwaggonta a Djougou don ta matso kusa, ni kuma na ɗauki kwano da gatarin fawa na nufi tafki.

Mutanen ƙauyen da ke gefen tafkin 'yan ƙabilar Yom ne, manoma, ba ruwansu da kamun kifi. Delegensu, wato wanda gwamnati ta ɗora a kan ƙauyen, wani dogo ne mai jar hula, Hausarsa rabi yaren Dendi ce. Ya zo ya same ni ina kwaɓa ƙasa, ya zagaya ni yana kallo kamar ya ga kura da rana.

"Kamarad, wa ke gini da damina?"

"Wanda ba zai iya jiran rani ba, kamarad."

Na gaya masa dalili. Ya cire hular ya sosa kai, ya ce in yi, amma kada in ce bai faɗa min ba. Na tambaye shi jirgin. Ya ce su dai wata safiya suka wayi gari ba su gan shi ba, tsohon bai ce komai ba, bayan kwanaki kaɗan aka kai shi Djougou ya rasu. Wasu sun ce ya sayar, wasu sun ce masu yankan katako sun ɗauke. Na bi maganar masu katakon har wajen ƙauyen Bariénou a cikin taɓo, na dawo hannu rabbana.

Ruwan shekarar nan, ku tambayi tsofaffin Djougou, ba su manta ba. Na ta da bango har ƙirjina, na tsaya ina yaba kaina, hadari ya taso daga gabas da la'asar, kafin in idar da salla bangon ya koma kunu. Na sake, ya sake narkewa. Sai a karo na gaba hankali ya zo min cewa a irin wannan lokaci sama ake fara rufewa kafin a taɓa ƙasa. Na samo azarar giginya, na kafa ginshiƙai, na ɗora kwano. Rannan kuwa aka yi iskar da ban taɓa gani ba, da ƙanƙara a ciki, ta yaye rufin gaba ɗaya. Kwano ɗaya a kan kaɗanya na same shi ya nannaɗe da reshe, wani kuma can tsakiyar tafki yana ƙyalli, ni da ban iya ruwa ba sai kallo. Na zauna a taɓo na yi kuka da murya, babu mai ji sai kwaɗin Hajara. Ƙafafuna suka yi fari suka tsattsage, matsattsaku suka mai da ni tuwonsu, zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo. Abu ɗaya ne kawai bai ci amanata ba a wurin nan. A cikin mashigin, ruwa iya gwiwa, akwai wani gungume da na taka tun ranar farko na ji shi daram. A kansa nake tsayawa in ɗaura azara, a kansa nake kafa tsani. Har magana nake yi masa, in ce kai dai Allah ya yi maka albarka, duk wurin nan kai kaɗai ne mutum.

Duk Juma'a nakan shiga Djougou in yi salla in duba ta. Kullum sai na tarar ta ragu. Zoben da ke yatsarta ya koma babban yatsa, daga baya aka ɗaura mata shi a wuya da zare. Amma bakin nan yana nan.

"Mutumin tudu, ka fara ƙarnin ruwa. Saura kaɗan ka zama mutum."

Takan tambaye ni ko bado ya yi fure, ko tsuntsayen nan masu dogon wuya sun zo, ko ruwa ya kai gindin ɗorawa. Ba ta taɓa tambayata jirgi ba, ni kuma wannan shirun shi ya fi ci na. Don takaici har sassaƙa na gwada. Na sami wani icce da iska ta kayar, na hau shi da gatarin da nake fasa ƙashin sa, na yi kwanaki ina rarake. Delege ya zo ya duba, ya ce idan na gama in ba shi, jakinsa ba shi da wurin shan ruwa.

Wata Juma'a gwaggonta ta tare ni a zaure kafin in shiga.

"Garba, idan za ka kai ta, ka kai ta yanzu. Kada ka jira shafe."

Rufi ya sake hawa da kwanon da na iya tattarowa, na ɗaure kowane kwano da waya na danne da duwatsu, bango ya tsaya ko da yake ɗanye ne, dakali na shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Ba ni da sauran abin fakewa. Mota ta sauke mu a bakin hanya da hantsi, delege ya turo maza suka ɗauke ta a kan gadon kara, ana yayyafi, na riƙe mata lema. Duk tsawon hanyar ina shirya maganar a bakina tana rushewa. Da muka isa, aka sauke ta a kan dakali, ta ɗaga kai ta kalli kwanon, ta ce Baba da ciyawa ya rufa, wannan ƙarar za ta kori kifi har Togo. Ta shaƙi iskar wurin, ta lumshe ido. Na durƙusa a gabanta.

"Akwai abin da na ɓoye miki. Babu jirgi. Tun ranar farko babu shi. Na yi cigiya har na gaji. Rufi na yi miki a kan ba komai, ki yafe min."

Ta buɗe ido ta kalle ni. Ta kalli ruwan. Ta sake kallona. Sai na ga kafaɗarta na rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ta yi ta har tari ya sarƙe ta, har mazan da suka kawo ta suka leƙo.

"A ina ka duba?"

"Ko'ina."

"Da ido?"

"To da me ake dubawa?"

"Wayyo Allah, na auri mahauci. Kama ni."

Na ce ba za ta shiga ruwan sanyi ba, ta ce ita da ruwa ba a shiga tsakaninsu. Na tallabe ta, ba ta fi nauyin cinyar maraƙi ba, ta zura ƙafa a mashigin tana lalube a hankali. Sai ta tsaya. Fuskarta ta canza, dariyar ta ɗauke.

"Ga kansa nan."

Na sa ƙafata inda tata take. Gungumena ne.

"Damina guda kana tsaye a kan jirgin Baba kana neman sa a Bariénou," ta ce. "Ba na gaya maka yana kwance ba? Ku mutanen tudu, idan kun ga jirgi a ƙarƙashin ruwa sai ku ce ya mutu. Rana ce ke tsaga shi, gara ta cinye. Wanda ya gama da jirgi shi ke jan sa tudu. Wanda yake so a dawo a same shi, sai ya cika shi da duwatsu ya kwantar." Ta shafa kan jirgin da tafin ƙafa. "Ba shi da ɗa namiji, Malam. Wa kake tsammani ya ajiye wa?"

Delege ya tuɓe riga, har da hular, muka shiga mu duka. Muka yi ta tsamo duwatsu daga cikin laka muna miƙawa waje, tana zaune tana ba da umarni kamar sarkin ruwa. Can sai muka ji abin ya motsa a ƙarƙashinmu, ya taso a hankali, baƙi wuluk, laka na zuba ta gefensa. Muka kwarfe shi da ƙwarya. Maɗaci ne, ko tsaga ɗaya babu. A cikinsa, ƙarƙashin dutsen ƙarshe, ga filafilin an ɗaure da igiya.

Ita ta zauna a baya, ni a gaba, na ƙanƙame gefe da hannu biyu ina karanta duk abin da na haddace. Ta sa filafili a ruwa, jirgin ya zame ya fita daga rumfa babu ko ƙara. Ban taɓa ganin ta haka ba. Shekara da shekaru ina tare da mace, ashe rabinta na sani. Bayanta ya miƙe, hannun nan da ba ya iya ɗaga moɗa ya san aikinsa. Ba mu yi nisa ba ƙarfinta ya ƙare, ta miƙo min filafilin, na karɓa, muka yi ta juyawa wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, mutanen gaɓa na ta ihu. Ta kwanta a cikin jirgin, ta saki hannu ɗaya cikin ruwa, yayyafi na sauka a fuskarta, ta ce in bar shi ya juya, babu inda za mu.

A rumfar nan muka ƙarasa damina. Duk ranar da ta ji dama-dama sai mu fita, har na koyi tafiya miƙe. Ruwa ya ɗauke, gero ya nuna, ita ma ta tafi, da safe, bakin rumfa a buɗe tana kallon tafki. A Djougou aka binne ta kusa da mahaifinta. Kafin nan ta riga ta bar min wasiyya, kuma ba ta zane ba ce ko ta 'yan kunne.

"Kada ka bar shi a rana, mutumin tudu."

Bayan addu'ar bakwai na koma ni kaɗai. Na ɗaure filafilin, na jera duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ina ji yana sauka a ƙarƙashin hannuna har ruwa ya rufe shi, bado ya dawo wurinsa. Da na iso Parakou na tarar da wani a teburin ubanmu, ya yi sabon rufi. Ban yi faɗa ba, doka ce kuma na san ta. Sauran kun san shi, kun ci shi a cikinku: tsiren bakin hanya, ɗaki ɗaya, da sallar da ba a yi ɗinki ba. Wannan nauyin ni na ɗora muku, kuma ban taɓa cewa mara nauyi ba ne.

Amma kun tuna, da na dawo kuka yi ta tambayata ina Inna, na ce muku tana kwance a Zugu? Kun ɗauka irin maganar da ake yi wa yara ce. A'a, da yarenta na ba ku amsa. Har yau idan hadari ya haɗo nakan sa a fitar min da kujera bakin ƙofa, in miƙa hannu, kuna cewa tsufa ne. Kewarta ce, ba ta ragu ba ko na rana ɗaya.

An ce min kwanon ya yi tsatsa, bangon gabas ya sake zubewa. Ni ƙafata ba za ta ƙara kai ni ba. Idan ɗayanku ya je, Hajara ko da ke ce, kada ki tsaya a bakin ƙofa ki leƙa ki ce babu komai sai kwaɗi. Ki tuɓe takalmi ki shiga, ki laluba da ƙafa ta hannun hagu, kusa da ginshiƙi. Uwarku ta bar muku jirgi.